Tsakanin Ganin Dama da Dole: Alhakin Mutum Game da Dokar Allurar Rigakafi

Gabatarwa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma da wuya a sami mai ja da wannan magana muddin tana nan a matsayinta na karin magana. Amma ranar da ta bar bakin dattawa ta koma takardar hukuma, aka buga mata hatimi, aka ce wanda bai yi allura ba ba zai shiga ofis ba, ko ba zai hau jirgi ba, ko kuma za a gurfanar da shi gaban alƙali, to a ranar ne gardama kan tashi. Mutumin da jiya ya amince rigakafi alheri ne, yau sai a ji yana tambaya cewa, in dai alheri ne, me ya kawo dole a ciki? A ina aka taɓa yi wa mutum kyauta da bulala a hannu?

Tambayar tana da nauyi, kuma bai kamata a sallame ta da cewa maganar jahilai ce ba, domin ana jin ta daga bakin malaman jami'a kamar yadda ake jin ta a tashar mota. Saboda haka wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba al'amura uku. Na farko, ina iyakar ikon mutum a kan jikinsa? Na biyu, mene ne haƙƙin maƙwabci a cikin shawarar da mutum ya yanke game da lafiyarsa da ta 'ya'yansa? Na uku, idan hukuma ta ɗauki sanda, wane bashi ne ita ma ya hau kanta? Ba za mu ɓoye inda muka karkata ba. Muna ganin nauyin yin rigakafi ya riga doka zuwa, kuma yana nan a wuyan mutum ko da dokar ba ta zo ba. Sai dai hukumar da ke son a bi ta, wajibi ne ta fara zama abin amincewa.

Tsohuwar Gardama

Edward Jenner ya gwada lambar agana a Ingila a 1796, kuma ba a jima ba hukumomi suka fara tunanin mayar da ita wajibi. A 1853 majalisar Ingila ta kafa dokar da ta wajabta yi wa kowane jariri lamba kafin ya wuce wata 3, sa'an nan a 1867 aka ƙara tsananta hukuncin iyayen da suka ƙi. Aka ci mutane tara, aka kwashe kayan waɗanda suka kasa biya, aka ɗaure wasu. Sakamakon haka, a 1885 dubban jama'a suka yi jerin gwano a birnin Leicester suna tofin Allah tsine ga dokar, har a 1898 majalisa ta sassauta, ta buɗe ƙofa ga uban da ya gamsar da alƙali cewa zuciyarsa ba ta kwanta da lambar ba.

A Amurka kuwa, agana ta ɓarke a jihar Massachusetts, sai a 1902 hukumar lafiya ta garin Cambridge ta umarci mazauna garin su yi lamba. Wani limamin coci mai suna Henning Jacobson ya ƙi, yana mai cewa ya sha wahalar wadda aka yi masa yana yaro. Aka ci shi tarar dala 5, ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. A 1905 kotun ta yanke cewa 'yancin da tsarin mulki ya ba mutum bai kai ga ya jefa sauran jama'a cikin haɗari ba. Abin lura a nan shi ne, tarar ce aka tabbatar masa. Ba a ce a danne shi a tsaga masa damtse ba. Akwai tazara tsakanin ɗora wa mutum sakamakon ƙinsa da kuma sa hannu a jikinsa da ƙarfin tsiya, kuma za mu sake waiwayar wannan tazara a gaba.

Nan gida ma gardamar ba baƙuwa ba ce. Iyayenmu da kakanninmu suna ɗauke da tabon lamba a damtse, kuma sun san zamanin duba-gari, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira wole-wole, da yadda akan ɓoye yara in an ji masu lamba sun shigo gari. Amma sun kuma san agana kanta, sun san zanzanar da takan bari a fuska da makantar da takan bari a ido. A ƙarshen 1966, a yankin Ogoja, wani likita Ba'amurke mai suna William Foege ya ga maganin da ke hannunsa ba zai isa kowa ba, sai ya koma bin sawun cutar: a gano ƙauyen da ta shiga, a yi wa mutanensa lamba, a yi wa waɗanda suke cuɗanya da su. Wannan dabara ta taimaka ƙwarai wajen kawar da agana daga Nijeriya a 1970, aka ga ta ƙarshe mai yaɗuwa da kanta a Somaliya a 1977, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi shelar mutuwarta a 1980. Dabarar ba ta tafiya sai mutanen gari sun faɗi gidan da maras lafiya yake. Ke nan ko a babbar nasarar rigakafi a tarihi, haɗin kan talakawa ne ya riƙe wa hukuma ƙafa.

Hujjar Mai Cewa Jikina Nawa Ne

Adalci ne mu kawo hujjar mai ƙin dole da dukkan ƙarfinta. Jiki shi ne dukiyar ƙarshe da ta rage wa wanda ba shi da komai. Harajin da aka karɓa bisa kuskure ana iya mayarwa, ɗan kurkukun da aka ɗaure bisa zalunci ana iya sakinsa, amma abin da ya shiga jini ya shiga ke nan. Har ila yau, babu maganin da ba shi da illa ko da ƙanƙanuwa ce, kuma in mutum ɗaya cikin miliyan ya cutu, a gidansu ba a lissafa shi a matsayin ɗaya cikin miliyan. Masanin falsafar nan na Ingila, John Stuart Mill, ya kafa ƙa'ida a 1859 cewa hukuma ba ta da hurumin tilasta wa baligi wani abu don amfanin kansa kawai, sai fa in don ta hana shi cutar da wani ne. Kotun Ƙolin Nijeriya ma, a wani hukunci na 2001, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi kabari.

Mun karɓi wannan hujja a inda take da hurumi. Alal misali, ciwon sarƙe-haƙora ba ya tashi daga wani ya kama wani. Ƙwayarsa tana cikin ƙasa, ta rauni take shiga. Baligin da ya taka ƙusa ya ƙi allura ya yi wauta, kuma yana da amsar da zai bayar game da amanar jikin da Allah Ya ba shi, amma bai ɗauki alhakin maƙwabcinsa ba. Irin wannan sai nasiha.

Sai dai hujjar tana da tsaga biyu. Ta farko ita ce, mafi yawan rigakafin da ake jayayya a kansa na yara ne. Uban da ya rufe ƙofa ga masu ɗigon shan-inna yana tsaye ne da ƙafafunsa biyu, ƙafar da ya sa a caca ta ɗansa ce. Iko a kan yaro riƙon amana ne, mai riƙon amana kuwa ba ya da 'yancin da mai dukiya yake da shi. Don haka ne Kotun Ƙolin da ta ba baligi damar ƙin magani ta yanke a 2019 cewa iyaye ba za su hana a ƙara wa jariri jini don ceton ransa ba, kuma don haka ne Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗora wa iyaye nauyin kammala wa yaro rigakafi kafin ya cika shekara 2. Tsaga ta biyu kuwa ita ce, akwai cututtukan da ba sa tsayawa a jikin da suka shiga.

Haƙƙin Maƙwabci

Mu ɗauki ƙyanda. Mai ɗauke da ita guda ɗaya yana iya harbin mutum 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba ta da kariya, kuma ƙwayarta kan daɗe har awa 2 tana yawo a iskar ɗakin da ya bari. Kafin a toshe mata hanya a gari, sai kusan 95 cikin 100 na mutanen garin sun sami garkuwa. A tsarin ƙasar nan kuwa sai jariri ya kai wata 9 ake yi masa allurar farko. Ke nan akwai watannin da kariyar da ya gada daga uwa ta fara raguwa, allura kuma ba ta zo ba, ba abin da ke tsakaninsa da cutar sai yayyensa da 'ya'yan maƙwabta. Shan-inna ma ta fi wannan ɓoye kai, domin a cikin kimanin yara 200 da ƙwayar ta shiga, ɗaya ne kan shanye. Sauran suna wasansu lafiya lau, suna zubar da ita a bayan gida, tana bin ruwa da hannuwa zuwa wani gidan. Saboda haka ba mai iya cewa, in ɗana ya kamu zan killace shi, tun da ba zai ma san ya kamu ba.

Magabatanmu sun san irin wannan nauyi a wata siga. Ganuwar birni aikin gayya ce, kuma amfaninta yana ga haɗuwarta. Wanda ya ƙi gyara tsagar da ke bakin unguwarsa bai bar gidansa kaɗai a buɗe ba. In kuma an yi sa'a mahara ba su zo ba, ya kwana lafiya a bayan ginin da wasu suka yi gumi a kai. Mutumin da ya ƙi rigakafi a garin da kowa ya yi, ya kuma nuna lafiyarsa a matsayin hujjar cewa allurar ba ta da amfani, wannan shi ne misalinsa. Gwajin da ya kamata ya yi wa kansa mai sauƙi ne: da kowa zai yi abin da na yi, da wane gari za mu wayi gari a ciki?

Ba fatawa muke bayarwa ba, amma za mu ari ma'aunin malaman fiƙihu, waɗanda suka raba farali gida biyu, aini da kifaya. Sallar jana'iza kifaya ce, in wasu sun yi ta faɗi a kan saura. Da yawanmu muna kallon rigakafi da wannan ido, muna cewa ai wasu sun yi. To amma wane irin kifaya ne wanda ba ya faɗuwa sai mutum 95 cikin 100 sun tashi? Gurabe 5 ne kacal suka rage, kuma suna da masu su tun farko: jariran da ba su kai ba, da masu juna biyu, da marasa lafiyar da garkuwar jikinsu ta raunana har allurar ba ta dace da su ba. Lafiyayyen da ya shige ɗaya daga cikin waɗannan gurabe ya zauna ne a kan tabarmar majinyaci.

Akwai kuma mai cewa cuta da lafiya duk na Allah ne. Haka ne, babu musu. Amma tarihi ya kiyaye mana cewa a shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, sai labari ya iske shi a hanya cewa annoba ta sauka a can. Ya yi shawara, ya juya da jama'arsa, ya kuma bayyana wa masu tambaya cewa juyawar ma ba ta fita daga cikin ƙaddarar Allah ba. A nan ne Abdurrahman ɗan Aufu ya sanar da su umarnin Manzon Allah (SAW) na hana shiga garin da annoba ta sauka da hana fita daga cikinsa. Daga cikin hikimomin da malamai suka ambata game da hanin fita akwai kare mutanen wasu garuruwa. Wato an taƙaita zirga-zirgar mutum, a lokacin da ya fi son guduwa, don maslahar waɗanda bai taɓa gani ba. Daɗin daɗawa, kowace shekara maniyyatanmu suna miƙa damtse a yi musu allurar sanƙarau da ta shawara domin Saudiyya ta sharɗanta, kuma da wuya a ji wanda ya fasa aikin Hajji saboda haka. Wannan yana nuna mana cewa sau da yawa asalin rigimar ita ce wane ne ya ba da umarnin, kuma ko mun yarda da shi.

Darasin Kano

A 1996 annobar sanƙarau ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a kan yara kimanin 200, aka ba rabinsu sabon maganin, rabi kuma wani tsohon magani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyalai suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce ya nemi izini kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne, ba rigakafi ba, amma uwar da ta binne ɗanta ba ta da lokacin rarrabe waɗannan.

Shekara 7 bayan haka, a 2003, jita-jita ta bazu cewa an sa maganin hana haihuwa a ɗigon shan-inna. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin, Kano kuma ba ta komo ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an yi gwaje-gwaje kuma an samo maganin daga Indonesiya. Talakawa a lokacin sun yi wata tambaya da har yau ba ta tsufa ba. Suka ce, zazzaɓin cizon sauro yana kwashe mana yara, in mun je asibiti sai a rubuta mana takarda a ce mu je mu saya, to me ya sa wannan ɗigo kaɗai ake biyo mu da shi gida-gida kyauta? Duk wanda ya raina wannan tambaya bai san ciwon talauci ba.

Amma mu dubi abin da ya biyo baya. Yaran da shan-inna ta shanye a Nijeriya sun tashi daga 355 a 2003 zuwa fiye da 1,100 a 2006. Masu bincike suka bi asalin ƙwayar suka tarar ta tsallaka zuwa ƙasashe kimanin 20 da a da suka rabu da ita, har ta kai Yaman da Indonesiya a 2005, wato ƙasar nan da aka je neman amintaccen magani a wurinta. Yaran da suka rasa ƙafafu a Kano da Yaman ba su suka gwada Trovan ba, ba su kuma suka bar asibitoci babu magani ba. A nan ne muke ganin gaskiya biyu da ya wajaba a riƙe tare. Zargin da jama'a suka yi yana da dalili, kuma dalilin yana rage wa uban da aka ruɗa laifi. Sai dai uzurin uba ba ya miƙe ƙafar ɗa. Wanda aka taɓa cuta yana da haƙƙin ya yi taka-tsantsan, ya bincika, ya nemi hujja; amma in hujjar ta zo, nauyin karɓarta ya hau kansa, musamman in shi malami ne ko shugaba da ake sauraro.

Yadda aka fita daga ramin ma darasi ne. An yi barazanar gurfanar da iyaye, an kuma ga mummunan ƙarshen gaba a watan Fabrairu na 2013, lokacin da 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano. Amma a ganinmu abin da ya fi buɗe ƙofofi shi ne shigowar sarakuna, waɗanda suka kafa kwamiti a 2009 ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi, da malamai, da matan unguwa da ake sani da sunansu, da guragun da cutar ta shanye suka fito a kan kekunansu suna cewa iyaye, ku dube mu. An ga shan-inna ta asali ta ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka yi shelar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Bashin da Ke Kan Hukuma

Sashe na 45 na tsarin mulkin 1999 ya ba da damar taƙaita wasu 'yancoci don kare lafiyar jama'a. Samun dama daban, cancantar amfani da ita daban. Muna ganin akwai sharuɗɗa huɗu.

Na farko, gaskiya, har da mai ɗaci. Ɗigon shan-inna yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana, kuma a inda yaran da aka yi wa suka yi ƙaranci, takan daɗe tana yawo har ta sake yin ƙarfi ta shanye yaro. An ci gaba da ganin irin wannan a Nijeriya bayan shelar 2020, shi ya sa a watan Maris na 2021 aka fara amfani da wani sabon nau'in ɗigo. Ɓoye wannan yana ciyar da jita-jita, alhali faɗinsa ƙara wa hujjar ƙarfi yake yi, tun da ƙarancin rigakafi ne ke haifar da matsalar. Mafi munin cin amana kuwa shi ne a fake da lafiya don wata manufa, kamar yadda hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya rigakafin bogi a Pakistan a 2011 wajen farautar Usama bin Laden.

Na biyu, samuwa. Ba a hukunta mutum don bai sha ruwan rijiyar da ba a haƙa ba. Kason farko na allurar korona da ya iso ƙasar nan a watan Maris na 2021 bai kai miliyan 4 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Daga 1 ga Disamba 2021 gwamnatin tarayya ta sharɗanta wa ma'aikatanta nuna shaidar allura ko ta gwaji kafin shiga ofis, kuma a cikin watan nan aka lalata fiye da allurai miliyan 1 a Abuja, domin ƙasashen da suka ba da su sun aiko su ne gab da ƙarewar wa'adinsu.

Na uku, a auna sanda da girman macijin. Tilas hawa-hawa ce: akwai nasiha, akwai sharaɗin shiga wani wuri ko riƙe wani aiki, akwai tara, akwai sa hannu da ƙarfi, wanda muke ganin ba shi da gurbi a kan baligi. Hujjar maƙwabci tana da ƙarfi ne gwargwadon yadda allurar ke hana yaɗuwa. Allurar korona ta rage tsananin ciwo da mutuwa ƙwarai, amma bayan ɓullar nau'in Omicron a ƙarshen 2021 ta bayyana cewa ƙarfinta na hana yaɗuwa bai kai haka ba, kuma ba ya daɗewa. Ƙasar Ostiriya ta wajabta ta ga baligai a watan Fabrairu na 2022, ta dakatar da dokar a Maris, ta kuma soke ta a shekarar. Hukumar da ke janye doka in dalilinta ya raunana tana tara wa kanta amana don gobe. Haka kuma sharaɗin da ya dace da ma'aikaciyar jinya a ɗakin jarirai ba lalle ya dace da manomi a gonarsa ba.

Na huɗu, diyya. Idan jama'a ta nemi mutum ya ɗauki ɗan haɗari dominta, to in haɗarin ya faɗa masa wajibi ne ta ɗauke shi. Ingila ta kafa dokar biyan irin wannan diyya a 1979, Amurka kuma a 1986.

Biyayyar Tsoro da Biyayyar Sanin Ya Kamata

Doka tana iya tilasta hannu, amma takarda kawai take iya dubawa. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta maido da 'yan Nijeriya 125 daga filin jirgin sama bisa zargin katinsu na allurar shawara jabu ne. Daga baya ta nemi afuwa, amma kowa ya san cinikin kati ba ƙage ba ne. Haka ma'aikatan shan-inna suka san gidajen da akan roƙe su su shafa wa yaro tawada a yatsa ba tare da ɗigon ya shiga bakinsa ba. A ma'aunin ɗa'a, mai sayen kati ya fi mai ƙi a fili laifi. Mai ƙi a fili an san da tsagarsa, ana iya zama da shi a yi magana; mai kati kuwa ya shafe tsagar da farar ƙasa, ya sa masu lissafi sun rubuta cewa ganuwa ta haɗu.

Alhakin mutum bai tsaya a damtsensa ba, ya haɗa da harshensa da yatsansa. Saƙon muryar da muka tura a WhatsApp ba tare da mun san mai maganar ba, yana iya zama dalilin da wata uwa ta fasa zuwa asibiti ranar awo. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya dawo da ƙarfi, Kano ta fi kowace jiha jin jiki, kuma mafi yawan waɗanda ya kama yara ne da ba su kammala rigakafi ba, alhali an yi kusan shekara 100 da samun rigakafinsa.

Wannan ya kawo mu ga kanmu, mu da neman ilimi ko aiki ya kawo nesa da gida. Muna kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yan wasu ƙabilu, muna cin kasuwa a Sabo da Agege, in an yi hutu kuma mu cika motoci mu nufi Arewa, inda jariran yayyenmu ke jiran a ɗauke su. Abin da muka kwaso a nan can za mu sauke, abin da muka kwaso a can nan za mu dawo da shi. Bugu da ƙari, mu ne ake bugo wa waya a ce, kai da kake jami'a, me ka gani game da allurar nan? Amsar da ta dace da mu ita ce wadda muka bincika, muka faɗa da Hausar da inna za ta gane, ba tare da raini ba. Kuma ilimin da ya ba mu damar kwantar wa iyaye hankali, shi ne ya ɗora mana nauyin tsayawa gaban hukuma mu tambaye ta ina magani, ina bayani, ina diyya.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa ikon mutum a kan jikinsa gaskiya ne, amma yana da iyaka biyu: jikin ɗansa da numfashin maƙwabcinsa. Mun ga cewa hukuma tana da hurumin sa sharaɗi, amma sai ta biya bashin gaskiya da samuwa da daidaito da diyya. Mun kuma ga cewa gazawar hukuma tana ba mu damar tuhuma, sai dai ba ta sauke mana nauyin yaron da bai san an yi gardamar ba. Saboda haka muna kira ga mai karatu, in ya je gida hutun nan, ya nemi katin awon ƙannensa da na 'ya'yan yayyensa ya duba, ya ga wane gurbi ne ba a cike ba, ya kuma tambayi dalili cikin ladabi. Allah Ya kare mu daga annoba, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, mu kuma Ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtaka. Amin.